Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sebastian Coe Kan Ƙofar Shiga Tseren Mita 800 Da 1500

Zuwa ga Shugaban Hukumar Wasannin Guje-guje da Tsalle-tsalle ta Duniya,
Monako.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ni ba koci ba ne, ban kuma taɓa riƙe muƙami a wata hukumar wasanni ba. Ɗan kallo ne kawai, cikin waɗanda ke hana idonsu barci idan aka ce tseren ƙarshe na maza na mita 1500 zai faɗo a tsakar dare. Da wani ne a kan kujerar nan, da sai na yi doguwar shimfiɗa kan abin da ya sa zagaye biyu na mita 800 da zagaye huɗu saura kwata na mita 1500 suka fita daban a cikin guje-guje. Amma kai ne, waƙa kuwa a bakin mai ita ta fi daɗi. Don haka zan fara da tuna maka abin da ka fi kowa sani.

A 1979, cikin kwana 41, ka kafa tarihin duniya har uku: a mita 800, da mil ɗaya, da mita 1500. Da aka je gasar Olamfik ta Mosko a 1980, duk mai lissafi da agogo ya riga ya rataya maka zinaren mita 800 tun kafin a harba bindiga. Sai aka yi maka ƙawanya a cikin ayari, ka tsaya a baya lokacin da ya kamata ka matsa, ka taso bayan bakin alƙalami ya bushe. Steve Ovett ya ɗauki zinare, aka miƙa maka azurfa fuskarka ba walwala. Bayan kwana shida aka dawo mita 1500, fagen Ovett, inda ya yi kusan shekara uku ba a ga bayansa ba. Jürgen Straub na Jamus ta Gabas ya ja tseren tun da sauran nisa, ka manne masa, ka wuce shi a kwanar ƙarshe, Ovett ya ƙare na uku. Kowannenku ya ci tseren ɗan'uwansa. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan ana ba da labarin wannan mako, kuma cikin masu ba da shi da wuya ka sami mai iya faɗa maka lokacin da ɗayanku ya yi.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A gasar duniya ta Tokiyo, a watan Satumban 2025, hukumarku ta gindaya cewa mai son shiga mita 1500 kai tsaye sai ya yi minti 3 da daƙiƙa 33 cif. Isaac Nader na Fotugal ya zama zakaran duniya a wannan gasa da 3:34.10, bayan ya kamo Jake Wightman a kan layi da tazarar da ido ba ya gani. Lokacin da ya ci zinare da shi, da a wani fili ya yi shi, bai isa ya buɗe masa ƙofar shiga gasar ba. Babu laifin Nader a nan, ya yi abin da ya kawo shi. Abin da wannan ke nunawa shi ne, abin da kuke aunawa a bakin ƙofa daban, abin da ake bukata a cikin ɗaki daban.

A ina ake yin 3:33.00, ko 1:44.50 da kuka sa wa mita 800? Ka fi ni sani. Ana yin su ne a ƴan tsirarun filaye, akasari a Turai, cikin ƴan makonnin bazararsu, da yamma idan iska ta kwanta. An ɗauko ɗan ja-gaba an biya shi, ya kai ayari wurin da aka yi yarjejeniya ya koma gefe. A gefen layi na ciki ga fitilu suna gudu daidai da lokacin da ake nema, ba sa gajiya, ba sa kuskure. Ƴan tsere sun jeru ɗaya bayan ɗaya kamar raƙuman fatake, babu mai tunanin yaushe zai kai farmaki, domin fitila ta ɗauke masa wannan nauyi. Ina kallon irin waɗannan tsere, ba na musu, wani lokaci har na miƙe tsaye. Amma gwajin huhu da ƙafa ne. Wayo, da haƙuri, da sanin lokacin da kafaɗar abokin karawa ta fara sauka, duk an bar su a ɗakin sauya kaya.

Su kuwa waɗannan filaye, ba a shigarsu sai da gayyata. Mai shirya gasa shi ke zaɓar wanda zai tsaya a layi, gurabe kaɗan ne, kuma wakilan manyan ƴan wasa sun riga sun kama su. A duk jerin manyan gasannin gayyata na Diamond League, guda ɗaya ce tak ake yi a Afirka, ta Rabat. Yaron da ke da ƙafa amma ba shi da wakili, ko yana da wakili biza ta ƙi fitowa, ko ta fito bayan an tashi daga gasar, ta ina zai bi? Za ku ce akwai ƙofa ta biyu, ta jerin matsayi na duniya, wadda aka tanadar wa kusan rabin gurabe. Haka ne. Sai dai makin can ma haɗi ne na lokacin da mutum ya yi da matsayin da ya zo, kuma makin matsayi yana ƙaruwa ne gwargwadon girman gasar. Ana son sakamako biyar masu kyau. Wanda gasar nahiyarsa ke zuwa sau ɗaya a shekara biyu, sauran tserensa kuma a ƙananan filaye ne cikin zafin rana ba tare da ɗan ja-gaba ba, a ina zai tara biyar ɗin? Ƙofa biyu ne a ido, amma makullinsu yana hannun mutane iri ɗaya.

Ba Kenya nake yi wa kuka ba. Kenya kan cika gurabenta uku, har ta bar wasu gwanaye a gida suna cizon yatsa. Ina tunanin ƙasashen da kan haifi mutum ɗaya a cikin shekara ashirin. Somaliya ta ba mu Abdi Bile, zakaran duniya na mita 1500 a birnin Rum a 1987. Ismail Ahmed Ismail ya ci azurfar mita 800 a Beijing a 2008, lambar Olamfik ta farko a tarihin Sudan. Jibuti ta fito da Ayanleh Souleiman. Irin waɗannan mutane ba sa tasowa da kamfanin takalma a bayansu. Sai sun shiga babban fage an gan su kafin gayyata ta fara zuwa, ku kuma tsarinku na cewa sai gayyata ta zo kafin su shiga babban fage.

Roƙona na farko ke nan, kuma shi ne babba. Ku ware gurabe na haƙiƙa ga waɗanda suka ci tsere. Duk wanda ya hau mumbarin karɓar lamba a mita 800 ko 1500 a gasar nahiyarsa, ta Afirka ce ko ta Asiya ko ta Turai ko ta Kudancin Amurka, a ba shi tikiti kai tsaye ba tare da an ƙara tambayarsa agogo ba, muddin ƙasarsa ba ta haura uku ba. Mutumin da ya ratsa share fage, ya ratsa na kusa da ƙarshe, ya doke zaratan nahiya guda a rana ta uku, ya riga ya ci irin jarrabawar da za a yi masa a gasar duniya. Na san abin da za a ce: nahiyoyi ba ɗaya ba ne, za a shigo da wanda bai kai wani da aka bari a waje ba. Zai faru jefi-jefi. Amma tun da kuka taƙaita kowace ƙasa ga mutum uku kun riga kun amince cewa gasar duniya ba jerin masu saurin duniya ba ce zalla. Kuma ranar da lambar nahiya ta zama tikiti, manyan ƴan wasan da ke guje wa waɗannan gasanni don zuwa neman kuɗi wani wuri za su fara halarta.

Kada a ɗauka ina kirari ne ga tafiyar hawainiya. A Rio a 2016 Matthew Centrowitz na Amurka ya ci zinaren mita 1500 da 3:50.00, lokaci mafi nawa tun 1932. An yi ta ƙorafi, wasu suka ce abin kunya ne. Ni ban ga kunya ba. Ya shige gaba, ya rage gudu, ya tsare layin ciki kamar mai gadin ƙofa, sauran suka yarda aka riƙe su, sannan ya zuba zagayen ƙarshe cikin daƙiƙa 50 da ɗoriya. Wanda bai ji daɗi ba, ai babu wanda ya ɗaure masa ƙafa. Amma mafi kyawun tseren da na sani masu sauri ne, kuma darajarsu ta zo ne daga cewa babu wanda aka biya ya share hanya.

Kana cikin filin wasa na Landan ranar 9 ga Agustan 2012, kai ne ma shugaban kwamitin da ya shirya gasar. David Rudisha na Kenya ya riga ya karya tarihin mita 800 sau biyu a 2010, a Balin da Rieti, yana bin bayan ɗan ja-gabansa Sammy Tangui. A Landan babu Tangui. Shi kaɗai ya fita gaba tun daga kwanar farko, ya wuce rabin tsere a 49.28, bai waiwaya ba har ya tsaya a 1:40.91. Nijel Amos na Botswana, yaro ɗan shekara 18, ya biyo shi da 1:41.73, daidai da tarihin da ka kafa a Florence a 1981, wanda ya zauna shekara 16 kafin Wilson Kipketer ya ture shi. Andrew Osagie da ya zo na ƙarshe ya yi 1:43.77, lokacin da zai ba shi zinare a gasannin Olamfik uku da suka gabata. Mutum ɗaya ya ɗauki kasadar a kamo shi a gaban duniya, sai ya ɗaga shida daga cikin sauran bakwai zuwa inda ba su taɓa kaiwa ba.

Haka Filbert Bayi na Tanzaniya ya yi a gasar Commonwealth ta Christchurch a 1974. Ya tsere tun daga farko, John Walker na New Zealand da Ben Jipcho na Kenya suka bi shi har suka kusa taɓa rigarsa, ya sake ƙara wuta, ya kafa tarihin duniya da 3:32.16. Tun daga ranar ba a sake kafa tarihin mita 1500 na maza a wata babbar gasar lambobi ba. (Duniya ta so ta ga sun sake haɗuwa da Walker a Montreal a 1976, ƙauracewar da ƙasashen Afirka suka yi ta hana, Walker ya ci zinare babu Bayi. Har yau abin na yi mini ciwo.)

Shi ya sa nake roƙon abu na biyu, tun ba a kai ga nan ba: kada wata rana fitilun nan su shigo tseren da ake rabon lambobi, ko da sunan taimaka wa ƴan kallo su gane. Ɗan tsere yana da ido. Kuma da za ku riƙa buga tarihin da aka kafa a gasar lambobi a gefen na duniya, da girman rubutu ɗaya, da matasa sun san cewa 3:26.00 da Hicham El Guerrouj na Maroko ya yi a Rum a 1998 abu ne guda, zinaren da ya ci a Atina a 2004 kuma wani abu ne. Ku tambaye shi wanne ya fi ba shi wuya. Ya faɗi ƙasa ana dab da kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe a Atlanta a 1996. Noah Ngeny ya wuce shi a miƙen ƙarshe a Sidni a 2000, alhali tarihin duniya na aljihunsa. Sai a karo na uku, bayan Bernard Lagat ya sha gabansa ya sake ƙwatowa, sannan ya samu.

Wanda ya fi kowa koya mana wannan darasi a zamanin nan shi ne Jakob Ingebrigtsen na Norwe, ba da son ransa ba. Ya ci zinaren Olamfik a Tokiyo a 2021 da 3:28.32. Bayan haka, idan akwai ɗan ja-gaba da fitila, kusan babu mai iya tsayawa da shi. Amma a gasar duniya ta Eugene a 2022 Wightman ya wuce shi saura mita 200, mahaifin Wightman kuwa shi ne mai sanarwa a lasifikar filin, yana kiran sunan ɗansa. A Budapest a 2023 Josh Kerr ya maimaita masa kusan a wuri guda. Sai Olamfik ta Faris a 2024, makonni kaɗan bayan ya yi 3:26.73 a Monako. Ya yanke shawarar zama ɗan ja-gaban kansa, ya buɗe zagayen farko ƙasa da daƙiƙa 55, da nufin ya ƙone ƙafafun Kerr. A miƙen ƙarshe Cole Hocker na Amurka ya nemi hanya ta ciki ya tarar a rufe, ya ja baya. Ingebrigtsen ya ɗan karkata waje don ya tare Kerr. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hocker ya ci da 3:27.65, Kerr 3:27.79, Yared Nuguse 3:27.80, wanda ya yi duk aikin ya tashi na huɗu hannu rabbana. Babu fitilar da za ta iya shirya wannan.

Dole in yaba inda kuka yi daidai. Tun daga Budapest kuka soke tsallakewa da agogo a mita 1500 zuwa sama: ko ka zo cikin waɗanda ake ɗauka a rukuninka, ko ka tattara kayanka. Da can ƴan rukunin ƙarshe kan shigo sun san lokacin da ake nema, abin da ƴan rukunin farko ba su sani ba. Wannan gyara ya yi kyau. Me ya hana a ƙarasa shi a mita 800? Har yanzu a zagayen kusa da ƙarshe ana ɗaukar biyu-biyu daga rukuni uku, sannan a cike da biyu mafi sauri, a zaunar da bayin Allah a kan kujera gaban kyamara suna haki suna jiran wani ya kore su. Manyan filayen yanzu layi tara gare su. A ɗauki uku-uku, tara su shiga tseren ƙarshe, kowa ya san abin da ke gabansa tun daga bindiga.

Zagayen ceto da kuka gwada a Faris kuwa, wato ƙarin tseren da ake ba waɗanda ba su tsallake share fage ba, ku sake duba shi da idon basira kafin Los Angeles a 2028. Niyyar mai kyau ce, kowa ya sami dama ta biyu. Amma a mita 800 an yi share fage ranar 7 ga Agusta, ceto ranar 8, kusa da ƙarshe ranar 9, ƙarshe ranar 10. Wanda ya bi ta ceto zai yi tsere huɗu a kwana huɗu, ya kara da wanda ya kwana yana hutawa. Na taɓa gwada zagaye biyun nan ina ɗalibi, kuma abin da na riƙe daga ciki shi ne yadda cinya ke zama kamar an cika ta da yashi daga mita 600, da yadda hawa matakala ke gagara washegari. Wannan nawa wasan yara ne. Tseren ƙarshen da ake so mai ceto ya isa da sauran ƙarfi shi ne wanda Emmanuel Wanyonyi ya ci da 1:41.19, Marco Arop na Kanada na bayansa da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, Djamel Sedjati na Aljeriya ya yi 1:41.50, Bryce Hoppel kuma ya yi 1:41.67 ya koma gida ba ko tagulla. Mai gudun mita 200 zai iya jure ƙarin tsere ɗaya. Mai mita 800, idan an cece shi yau, yankan gobe aka ajiye shi.

Akwai maganar da ba na son ɗagawa amma ba ta ɓoyuwa. Zinaren mita 1500 na Beijing 2008 an ƙwace shi daga Rashid Ramzi na Bahrain saboda ƙwayoyin ƙara kuzari, aka ba Asbel Kiprop, shi ma daga baya aka dakatar da shi shekara huɗu. Amos ɗin da na yaba a sama an dakatar da shi shekara uku a 2023. Ban ce ƙa'idar shiga ce ta jefa su ba, kowa da halinsa. Amma duk lokacin da kuka ƙara matse lokacin shiga, daga 3:33.50 na Faris zuwa 3:33.00 na Tokiyo, ku tuna da yaron da ke tsaye a 3:35, wanda aka gaya masa cewa cin tsere ba ya kai shi ko'ina, daƙiƙa biyu kawai ake nema. Akwai masu jiran irinsa da allura a jaka. Sashen tabbatar da gaskiya da kuka kafa a 2017 yana ƙoƙari, ku rage masa aiki daga tushe.

Sai ƙaramin abu, na masu ɗaukar hoton talabijin. Idan an kaɗa ƙararrawa, don Allah su daina cika mana allo da fuskar wanda ke gaba. Abin da ke faruwa yana baya: wa aka rufe, wa ya fita layi na uku yana ƙara wa kansa mita, wa ke lallaɓowa ta ciki. A Tokiyo a 2025 an kori Hocker daga zagayen kusa da ƙarshe saboda ya kutsa tsakanin mutum biyu. Hukunci irin wannan, a nuna mana hotonsa daga sama a fili, alƙali ya faɗi dalili a taƙaice, domin a tseren da ake gudu kafaɗa da kafaɗa kowa na bukatar sanin inda iyakar turereniya take, kuma iyakar ta zama ɗaya daga rukuni zuwa rukuni.

Kun sa dala 50,000 ga duk wanda ya ci zinare a Faris, abin da babu hukumar wasan da ta taɓa yi a Olamfik. Kun taƙaita kaurin takalman gudun fili zuwa milimita 20. Hukumar da ta iya waɗannan ba za ta gaza sake rubuta sharuɗɗan shiga gasa ba. Nairobi ta nemi baƙuncin gasar 2025 aka ba Tokiyo, kuma har yau ba a taɓa kawo gasar duniyar nan Afirka ba, nahiyar da ke riƙe da tarihin mita 800 da na 1500 da na mil ɗaya na maza gaba ɗaya. Wannan magana ce ta wata wasiƙar. A wannan, abin da nake nema shi ne idan kwamitinku ya zauna tsara hanyar shiga gasa ta gaba, ka sa a ajiye takarda biyu a kan tebur, ɗaya mai 3:33.00, ɗaya mai 3:34.10, ka tambaye su wacce a ciki ce ta zakaran duniya.

Na gode da lokacinka. Ka huta lafiya.

Naka,
Wani mai kallon tsere.